Eros: Dutsen Da Masu Duba Suka Ɗora Wa Soyayya

Assalamu alaikum, jama'a. Kwanaki wata ƙanwata da ke karatu a nan Kano ta miƙo min wayarta cikin damuwa. Wata manhaja ta karɓi ranar haihuwarta da sa'ar da wurin, ta ce mata wai Eros ɗinta yana burjin Kunama, ɗaya daga cikin sassa goma sha biyu da masu duba suka kasa sama, don haka soyayyarta ba za ta rabu da kishi da wahala ba. Yarinyar nan har bacci ya ƙaurace mata. Shi ya sa na ce yau sai mun zauna a kan Eros ɗin nan.

Eros ba tauraro ba ne. Dutse ne da ke kewaya rana, ɗaya daga cikin dubban ɗaruruwan duwatsun sararin samaniya, lambarsa 433. Tsawonsa kusan kilomita 34, bai ma kai nisan Kano zuwa Wudil ba, siffarsa kuwa kamar gyaɗa a cikin ɓawonta. Yana gama zagayen rana cikin kwana 643. Wani Bajamushe, Gustav Witt, shi ya gano shi a Berlin ranar 13 ga Agustan 1898.

To me masu duba na Turai da Amurka suke cewa a kansa? Sun ce inda dutsen yake a sama lokacin da aka haife ka, shi ke nuna abin da ke tada maka shauƙi da irin wanda zuciyarka za ta faɗa wa. Idan ya dace da inda Zara, matar wata, take a sama lokacin da aka haifi wani, sai su ce shaƙuwarku za ta yi zafi. Sukan kuma haɗa shi da wani dutsen, Psyche, da aka gano a 1852, su ce shi Psyche na ruhi ne.

Ku saurara da kyau a nan. Daga ina ma'anar ta fito? Daga suna kawai. Eros gunkin soyayya ne a tatsuniyoyin Girkawa, Psyche kuma masoyiyarsa ce a labarin. Mutum ne ya raɗa wa dutsen suna, daga baya masu duba suka ɗauko tatsuniyar suka manna masa. Da an kira shi da sunan gunkin yaƙi, da yanzu hasashen faɗa manhajar take yi wa ƙanwata. Masu duban dā ma ba su san da shi ba, don ido ba ya ganinsa. Sai wajen shekarun 1970 aka fara cusa irin waɗannan duwatsu cikin duba.

Mu ma muna kallon sama. Kakanninmu sun san Kaza da 'ya'yanta, malaman zaure suna lissafin manzilolin wata don sanin shigowar damina da hunturu. Wannan lissafin lokaci ne. Amma ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, sai ya faɗa musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Kuma an je wurin dutsen. Kumbo mai suna NEAR Shoemaker na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya kewaye shi shekara guda, ya sauka a kansa ranar 12 ga Fabrairun 2001. Hotunan da ya aiko ƙura ce da ramuka da tarin duwatsu. Su na buɗe wa ƙanwata ta gani, ta daɗe tana kallonsu, sannan ta goge manhajar da hannunta.