Jif Ta Hannu: Ta Jamus Ko Ta Japan?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka. Ku dubi motocin nan biyu. Ta hagu Mercedes ML350 ce ta 2008, ta dama kuma Toyota Highlander, ita ma ta 2008. Lokacin da suke sababbi a Amurka, Marsandin ta fi tsada nesa ba kusa ba. Yau kuwa idan ka zagaya wajen masu sayar da motoci a Kano ko Kaduna ko Abuja, sau da yawa za ka tarar Highlander ta kamo ta a kuɗi, wani lokaci ma ta wuce ta. Ba kasuwa ce ta rikice ba. Kuɗin da aka rage maka a kan Marsandin, kuɗin gareji ne aka bar maka a aljihu ka riƙe kafin ranar ta zo.

Kafin mu shiga inji, akwai abin da dillali ba ya cika faɗa. Yawancin waɗannan motoci ba daga Jamus ko Japan suka taso ba. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, su kuwa motocin cikin Japan sitiyarinsu a dama yake, ba su dace da hanyarmu ba. Saboda haka jif ɗin Toyota da Honda da Lexus da muke gani, galibinsu daga Amurka da Kanada suke zuwa. Ita kanta ML a jihar Alabama aka ƙera ta, BMW X5 kuma a Spartanburg da ke Karolina ta Kudu. Ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, za ka ga lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17. Idan ta fara da J, ƙirar Japan ce. W ta Jamus ce, 2 ta Kanada, 1 ko 4 ko 5 kuma ta Amurka. Ka ɗauki hoton lambar nan a waya, za mu dawo gare ta.

Mu fara da na Japan, tunda su jama'a suka fi nema. Abin da ya sa ake son su shi ne haƙuri. Ka makara wajen canza baƙin mai, ka zuba fetur ɗin da ba ka tabbatar da kyansa ba, ka bi hanya mai gargada, mota ta jure. Idan ta lalace, ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, kayan gyara ga su nan, sabo da na hannu, mai tsada da mai sauƙi. Injin V6 mai lita 3.5 da ke cikin Highlander daga 2008, da Lexus RX350, da Venza, yana cikin injinan da suka fi ƙarko, kuma sarƙar tayimin gare shi, ba bel ba. Na farko-farkonsa dai akwai wani bututun baƙin mai da ke da roba a tsakiya, yakan fashe ya zubar da man inji cikin ɗan lokaci. Daga baya an mayar da shi na ƙarfe zalla, don haka ka sa bakanike ya duba wanne ke jikin taka.

Amma kada sunan Toyota ya rufe maka ido. Injin lita 2.4 da ke cikin RAV4 ta 2006 zuwa 2008 ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, har kamfanin da kansa ya amince da matsalar. RX330 da tsohuwar Highlander mai V6 bel suke amfani da shi, ana canza shi a wajen mil 90,000, kuma da wuya mai sayarwa ya san ko an taɓa canzawa. Nissan kuwa sai a yi hattara sosai. Murano da Rogue, da Pathfinder ta 2013 zuwa 2020, giyarsu irin ta CVT ce, wato otomatik marar matakan giya, ba ta son zafi, ba ta son kaya masu nauyi, kuma idan aka zuba mata man giyar da ba nata ba, ta tafi ke nan. Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 nasu ciwon daban ne: lagireto kan fashe ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya. Duk waɗannan ma na Japan ne.

To, na Jamus fa? Gaskiya duk wanda ya taɓa ɗaukar ML ko GLK ko X5 a doguwar hanya ya san abin da ake biya wa kuɗi. Mota ta zauna daram a kan kwalta, ba ta rawa a kwana, burki ya kama yadda kake so, cikinta shiru. Highlander ba za ta ba ka wannan ba, kuma ba ƙarya masu son Marsandi suke yi ba. Matsalar ita ce motar Jamus an ƙera ta ne da zaton za a bi ƙa'idarta ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta yafe jinkiri.

Ga inda ciwon yake. Injin V6 na ML350, musamman na 2006 da 2007, yana da wani ɗan haƙori a cikin tsarin tayimin da ke cinyewa da wuri, kuma ba a kai gare shi sai an sauke inji gaba ɗaya. An gyara wannan daga baya, shi ya sa GLK350 ta 2010 zuwa sama ta fi kwanciyar hankali, kuma a ganina ita ce jif ɗin Jamus da ta fi dacewa da mai saye na farko. Wasu ML ɗin, da kusan duk GL, a kan jakunkunan iska suke zaune maimakon sifirin. Daɗi kam akwai daɗi, amma ranar da jaka ta huje, da safe za ka tarar mota ta durƙusa gefe guda. X5 mai silinda shida ta 2007 zuwa sama famfon ruwanta na lantarki ne, yana mutuwa ba sallama. Mai V8 kuwa, hayaƙi da ɗigar mai da zafi, ni dai ba na ba kowa shawarar ta sai wanda ke da wata motar a gida. Audi Q5 da Tiguan na wajen 2009 zuwa 2011 masu injin lita 2 da tobo, ana kuka da su kan shan baƙin mai da kuma abin da ke ɗaure sarƙar tayimin.

Sai dai duk wanda ya ce motar Jamus ba ta ƙarko, ya je tasha ya gani. Golf 3 wagon da Sharan nawa ne ke jigilar mutane da buhuna tsakanin garuruwan Arewa, motocin da aka ƙera tun shekarun 1990? Tsohuwar Marsandi V-boot har yau tana kan titi. Waɗannan injinansu ba su da tarkacen lantarki, bakaniken ƙauye ma ya haddace su. Abin da ya canza shi ne sababbin sun cika da sansa da ƙwaƙwalwa, ilimin gyaransu kuma bai bazu kamar na Toyota ba.

Wannan ya kawo mu ga wagon, wadda mutane suka raina tun da jif ta zama abin yayi, duk da cewa a cikin Fijo 504 wagon ta Kaduna da yawanmu muka yi tafiye-tafiyen ƙuruciya. Wagon tana ɗaukar kaya kusan kamar jif, ta fi ta sauƙin shan mai, tayoyinta sun fi araha. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Inda take faɗuwa shi ne tsayi daga ƙasa. Highlander na da wajen santimita 20, Passat wagon ba ta kai nan ba ko kusa, don haka idan layinku na zama kogi da damina, magana ta ƙare. Kuma tunda wagon daga Turai aka fi kawo ta, ka kula da abu biyu. Da yawansu dizal ne masu matatar hayaƙi da ke buƙatar mai mai tsabta sosai da doguwar tafiya a kai a kai, in ba haka ba ta toshe. Na Volkswagen kuma wasunsu giyar DSG ce, wato otomatik mai kuloci biyu, mai giya bakwai ɗin nan ba ta jin daɗin cunkoso da zafi. A ɓangaren Toyota akwai Avensis wagon, ƙirar Ingila. Mai lita 1.8 ta fi sauƙin sha'ani a kan mai lita 2 da aka rubuta wa D-4.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowacce: wa zai riƙa gyara maka? Akwai al'adar da ta kashe injina da yawa a ƙasar nan. Mota ta ɗan ɗau zafi, sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Toyota takan jure wannan na tsawon lokaci. BMW mai bututun roba da tankin ruwa na roba, a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ba za ta jure ba. Haka baƙin mai: na Jamus suna da takamaiman irin da aka rubuta musu, ba kowane galan na bakin titi ba. Idan a garinku babu mai gyaran da ke da na'urar karanta ƙwaƙwalwar Marsandi ko BMW, kuma ya san fassarar abin da ta nuna, ka bar motar nan inda ka gan ta. Araha ba ta ado.

Mu koma kan lambar VIN. Motoci masu yawa da ake shigowa da su daga gwanjon Copart da IAA aka saye su, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta ci. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Ka rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka ga yadda take kafin a yi mata kwalliya. Ka biya a ciro maka rahoton Carfax, wato tarihin motar, ka kwatanta mil ɗin da ke ciki da wanda ke kan allo, don mayar da mita baya ba wuya gare shi ba. Bugun gefe da aka gyara da kyau ba abin gudu ba ne. Ruwa shi ne abin gudu, kuma ya fi muni a motar Jamus, saboda akwai na'urorin lantarki a ƙarƙashin kujeru da kafet. Ɗaga kafet ɗin ka shinshina, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa.

Ka je da sassafe, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi kafin a tayar, don ƙarar sarƙa a daƙiƙun farko take fitowa. Ka murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ka ga duk fitilun gargaɗi sun kama, musamman ta inji da ta jakar iskar hatsari. Wadda ba ta kama ba, wataƙila kashe ta aka yi don a ɓoye wani abu. A ɗaga motar a duba ko an cire matatar hayaƙin nan da ake kira indomi daga salansa. Kuma bakaniken da zai duba ya zama naka, ba wanda dillali ya kira ba.

Idan mota ɗaya za ka mallaka, ita ce ta makarantar yara, ita ce ta zuwa ƙauye da salla, ni Highlander ko RAV4 ko CR-V zan nuna maka, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba za ka sha wahalar samun mai saye ba. Idan kana babban gari, kana da ƙwararren mai gyara, kuma bayan ka biya kuɗin mota akwai sauran abin da ka ware don gyaran shekarar farko, GLK mai tsabtataccen tarihi ta fi RX ɗin da ta sha ruwa.

Saura takardu. A ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci Najeriya ta iyakokin ƙasa, don haka duk motar da aka ce maka ta Kwatano ce, ka nemi takardar kwastam, ka kai lambar ofishinsu a tantance kafin ka tura ko sisi. Ka tabbatar VIN ɗin da ke takardar ita ce a gilashi, ita ce kuma a jikin ƙofar direba.