Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Albarkatun Ruwa a Wurin Awon Rijiyar Burtsatse

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, mai girma Hakimi da masu unguwanni, manyan baƙi maza da mata. A madadin injiniyoyi da masana duwatsu da ke wannan aiki, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, sandar da ke rataye a bakin ramin nan ita ke auna yadda kowane hawa na ƙasa yake turje wa wutar lantarki. A Faransa aka fara irin wannan awo cikin rijiya a 1927, a Pechelbronn, amma wancan salo sai ramin na da ruwa ko laka da za ta ɗauki wutar. Wannan ta maganaɗisu ce, wadda Henri Doll na kamfanin Schlumberger ya fito da ita a 1949. Naɗin waya biyu ne a cikinta. Na farko yana jefa ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasar da ke kewaye, sai wuta ta taso a can tana zagaya ramin, na biyu kuma ya karanta ƙarfinta. Don haka tana aiki ko a busasshen rami, ko bayan an zura bututun roba. Bututun ƙarfe kam yana makantar da ita.

Kafin a saukar da ita ana ɗaga ta sama, nesa da mota da duk wani ƙarfe, a daidaita sifilinta. A cikin rami a bar ta kamar minti 15 har zafinta ya zo ɗaya da na ruwan, in ba haka ba karatun zai riƙa zamewa. Sannan a kai ta ƙasan rami, a janyo ta a hankali, mita 5 zuwa 10 a minti, kwamfuta na rubutawa.

Da om-mita ake auna wannan turjiya ta ƙasa ga wuta. Yumɓu yakan nuna ƙasa da om-mita 20. Yashi mai ruwan daɗi ya fi haka, wani lokaci har ɗaruruwa. Inda ake yin kuskure shi ne yashi mai ruwan zartsi, domin shi ma karatunsa ƙasa yake, kamar na yumɓu. Abin da ke raba gardama shi ne awon hasken gamma, wato hasken da ƙasa da duwatsu ke fitarwa da kansu ba a ganinsa da ido, wanda ke tashi a yumɓu ya kwanta a yashi, shi ya sa ba ma yarda da ɗaya ba tare da ɗayan ba. Ramin da ya zaizaye ya yi faɗi, ko lakar haƙa mai gishiri, su ma suna ɓata karatun. A tsauri irin na Kano da Kaduna, inda karatun dutse ke kai dubban om-mita, sandar ba ta da kaifi sosai. Gwanintarta tana ƙasar Borno da Sakkwato, inda yashi da yumɓu ke hawa kan juna.

Kokenmu ɗaya ne, ranka ya daɗe. Rijiyoyi da yawa na ƙafewa ne saboda ɗan kwangila ya sa bututu mai rariya daidai yumɓu, bisa ƙiyasi. Muna roƙon ma'aikatarka ta sa wannan awo cikin sharuɗɗan kwangila, kada a biya kuɗin rijiya sai an miƙa takardarsa, kuma a ajiye takardun wuri guda don amfanin mai haƙa na gaba.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya. Bismillah, a matso bakin rami, za a saukar da sandar.