Kwandon balan-balan a kan Dutsen Mindif

(Wani tsohon malamin lise, wato babbar sakandare, da ya yi ritaya ne ya yi wannan lacca a gaban ɗalibai da matasa a unguwar Hausawa ta Garwa da ke arewacin Kamaru, wata Asabar bayan la'asar. An ɗauke ta a waya sannan aka rubuta. An rage gaishe-gaishe.)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ke gaba, da ku 'ya'yana na baya masu danne-dannen waya, sannunku da zuwa. Na can ƙarshe kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan littattafan ƙarya. Haka mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yake kiransu. In ya gan ni da ɗaya sai ya ce, kai yanzu mutum ya zauna ya shirya ƙarya, ya buga ta, kai kuma ka ba da kuɗinka ka saya? Ban taɓa ba shi amsa ba, don a zamaninmu ba a ba uba amsa. Yau da furfura ta cika mini kai zan gwada.

Iri uku ne nake nufi. Akwai ƙagaggun labaran kimiyya, na tafiya wata da injuna da zamanin da bai zo ba. Akwai na almara, na aljanu da dodanni da tsafi. Akwai kuma masu sa faɗuwar gaba, na leƙen asiri da farautar mai kisa. Duk na sha su, amma ba ɗaya suka zauna mini a ciki ba.

Na farkon da ya kama ni na wani Bafaranshe ne, Jules Verne, wanda ya fito a 1863, labarin mako biyar a cikin balan-balan. Turawan Ingila uku suka shiga kwando a Zanzibar, iska ta kwashe su ta ratsa Afirka har kogin Sanagal. Ina ɗan shekara sha huɗu, ina karatu da fitilar ƙwai, sai kawai na ci karo da sunan Yola. Na murza ido. Na ƙara gaba, ga Binuwai, wannan Binuwai ɗin da muke wanka a ciki ana dukanmu. Na ƙara gaba, ga Dutsen Mindif na kudu da Marwa. Daga nan suka bi ta kan kogin Shari har Tafkin Chadi, inda manyan tsuntsaye suka yaga musu balan-balan, baransu ya faɗa ruwa don a rage nauyi. Wallahi daren nan ban yi barci ba. Ashe muna cikin littafi!

Sai da na girma na sake karantawa, murnar ta ragu. Mutumin nan bai taɓa taka ƙasarmu ba. A ɗakinsa ya zauna da rahotannin matafiya irin su Barth, Bajamushen da ya iso Yola a 1851, ya kwashi sunaye. Sunayen daidai ne. Amma mutanen fa? Daga sama ake hangen su kamar tururuwa. Ko suna gudu, ko suna sujada ga balan-balan don sun ɗauka wata ne ya sauko, ko suna harbi da kibiya. A lokacin kuwa a ƙasar nan akwai alƙalai da malamai masu rubuta wasiƙa da Larabci, akwai fatake Hausawa masu kai hauren giwa da goro nesa. Ba wanda ya leƙo daga kwandon ya tambaye su ra'ayinsu. Tun daga nan duk littafin da na ɗauka, tambayata ta farko ita ce: wa ke cikin kwando, wa ke ƙasa?

Kada ku ce na raina shi. A 1865 ya rubuta labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga Fulorida, a 1969 kuma Amurka ta tura mutum uku daga Fuloridar. Mai irin wannan hange ba a raina shi.

Amma wanda ya fi shi ba ni tsoro wani Baturen Ingila ne, Wells. A 1898 ya fitar da labarin halittu daga duniyar Mas da suka sauka kusa da Landan da makaman da ba a taɓa gani ba, suka mai da sojan Ingila abin wasa. Tun a babin farko ya tuna wa 'yan'uwansa kisan ƙare dangi da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, wato ya ce ku ɗanɗana ku ji. To ku lura da shekara. Shekara uku bayan fitowar littafin, a 1901, Jamusawa suka ci Garwa. Farkon 1902 suka ci Marwa, da bindiga mai zubo harsashi kamar ruwan sama, dawakanmu suna zubewa kafin su isa. Abin da mai karatu a Landan yake karantawa don nishaɗi, kakanninmu sun gan shi da rana tsaka. Bambancin kawai, a littafi ƙwayoyin cuta suka kashe baƙin. Namu baƙin sun zo da kwinin a aljihu.

(Dariya)

Akwai wani kuma na 1965, Dune, na wani Ba'amurke. Duniya ce ta rairayi zalla, mutanenta na sa rigar da ke tara zufarsu su sake sha, in mutum ya mutu ruwan jikinsa na jama'a ne. Cike yake da kalmomin Larabci, har da Mahadi. Wanda ya taɓa ganin mata suna tonon yashi a cikin busasshen kogi a Marwa a watan Maris don su sami kwano ɗaya na ruwa, ko ya ji yadda Tafkin Chadi ya janye daga inda kakanni suka san shi, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan littafi. Nauyi gare shi, kashi ɗaya cikin uku na farko kamar hawan dutse, amma ku daure.

Na almara kuwa, a nan ba na jin ni baƙo ne. Kafin in san baƙi da fari, kakata ta gama cika mini kai da Gizo da Ƙoƙi da Dodo. Ga ta nan ga ta nanku. Sannan ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, 1934, da fatake ke shigo mana da shi daga Najeriya. Shi ya sa lokacin da jikokina suka kawo mini manyan littattafan Turawa na mayu da zobba da makarantun tsafi, na karanta, na ji daɗin wasu, amma ban yi mamaki ba. Abu ɗaya nake duba wa: shin tsafin yana da farashi? A tatsuniyarmu aljani ba ya ba ka kyauta. Zai ce kada ka waiwaya, kada ka buɗe ɗaki na bakwai, kada ka faɗa wa kowa. Daga wannan sharaɗin labari ke samun ƙashi. Marubucin da jaruminsa ke shiga uku sai kawai ya zaro sabuwar laya daga aljihu, wannan malalaci ne, ina ajiye littafinsa in sha shayi.

Yanzu na uku, inda zan tona wa kaina asiri a gaban malamaina. Duk wanda ya yi lise a zamanina ya san littattafan leƙen asiri na SAS, na Gérard de Villiers. Ya fara a 1965, ya rubuta wajen ɗari biyu kafin ya mutu a 2013. A tasha ake shimfiɗa su a ƙasa, bangon da hoton mace riƙe da bindiga, mu kuma mu naɗe shi da takardar siminti don kada a gani. Dala ashirin, wato sefa ɗari, ka yi haya, ka dawo da shi ka ɗauki wani. 'Yan'uwanmu na hayin Najeriya su kuma James Hadley Chase suke sha. Dabararsu ɗaya ce: a ɗaura wa labari agogo, bam zai tashi ranar kaza, kuma kowane babi a yanke shi daidai inda ƙofa ta fara buɗewa. Ka ce babi ɗaya zan ƙara, sai ka ji ladan.

Na koyi Faransanci a cikinsu fiye da a aji, wannan gaskiya ne. Amma kwandon nan dai yana nan. Ɗan Afirka a ciki direba ne, ko mai gadi, ko gawa a shafi na arba'in. Kuma tun Fabrairun 2013, da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a wajen Waza, abin da ya biyo baya na rikicin Boko Haram a jihar Arewa Mai Nisa kun sani, sai ɗanɗanonsu ya fita daga bakina. Idan ka je ta'aziyyar wanda bam ya kashe a kasuwa, bam ɗin cikin littafi ba ya ƙara ba ka nishaɗi. Ban hana ku ba. Ni ne dai na ƙoshi.

To amsar mahaifina. Baba, maƙaryaci so yake ka ɗauka gaskiya ya faɗa. Mai ƙagaggen labari kuwa tun a bango ya gaya maka ƙirƙira ce, kamar yadda kaka ke rufewa da ƙurunƙus kan ɓera. Da a ce ne yake yi da kai, ku bi shi ku ga inda zai fita. Kuma ba a hana Bahaushe yin da a ce ba: tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗora yaro Bahaushe a jirgin sararin samaniya. Ina jiran ranar da ɗayanku zai rubuta Garwa ta shekara ɗari nan gaba, ko ya sake ba da labarin balan-balan ɗin nan ta bakin makiyayin da ke gindin Dutsen Mindif ya ɗaga kai.

(Wata ɗaliba ta tambaya: Baba, da wanne za mu fara, kuma ina za mu samu?)

'Yata, fara da mafi sirantaka, wanda za ki gama a kwana biyu, don gama littafi ɗaya shi ke jawo na biyu. Na Wells ɗin nan bai da kauri. Shi da na Verne sun tsufa har an sake su kyauta a intanet, wayar da ke hannunki ta isa. Na takarda kuwa ina da akwati biyu a gida, gara ta ci rabin ɗaya. Ku zo da littafin rubutu ku sa hannu, don na daina ba da aro da baki. Kuma wanda ya karɓi Dune ɗina shekara uku da suka wuce, ina ganinsa, ga shi can kusa da taga yana sunkuyar da kai.