Lacca: Joj na Biyar, makahon sarkin Hanofa da ya rasa ƙasarsa a 1866

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai da ɗalibai, barkanmu da wannan yamma. Na bayan can, kuna jina? To madalla.

Kafin 1871 babu ƙasa ɗaya dunƙulalliya da ake kira Jamus. Masarautu ne barkatai, kowace da sarkinta da tutarta da sojojinta. Ɗaya daga cikinsu ita ce Hanofa da ke arewa, kuma a kan sarkinta na ƙarshe, Joj na Biyar, zan yi magana.

An haife shi a Balin ranar 27 ga Mayun 1819, kwana uku bayan haihuwar Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Iyayensu maza wa da ƙane ne, 'ya'yan Sarki Joj na Uku. Tun 1714 sarki ɗaya ke riƙe da Ingila da Hanofa, sai a 1837 da Biktoriya ta hau gado aka raba gari, domin dokar Hanofa ba ta bai wa mace sarauta matuƙar akwai namiji. Sarautar ta faɗa hannun baffanta, Ernest Augustus, mahaifin Joj.

Shi kuwa yaron, a lokacin ya riga ya makance. Ciwo ya cinye ido ɗaya yana ƙarami, ɗayan kuma hatsari ya tafi da shi a 1833. An yi ta ƙus-ƙus cewa makaho ba zai iya mulki ba, uban ya toshe kunne ya ce ɗansa ne magaji. Uban nan fa ba kanwar lasa ba ne. Shekarar da ya hau mulki ya soke tsarin mulkin ƙasar, malaman Jami'ar Göttingen bakwai suka yi tir da haka, ya sallame su duka. A irin wannan gida Joj ya tashi, yana ganin Allah ne ya ba shi sarauta, don haka babu majalisar da za ta sa shi ko ta hana shi. Ya gaji uban a 1851, zuwa 1855 ya janye yawancin 'yancin da jama'a suka samu a 1848.

Mutane kan ɗauka makantar ce ta kayar da shi. Ni ban yarda ba. Ku dubi taswira. Furusiya, babbar masarautar arewacin Jamus mai hedikwata a Balin, a lokacin yanki biyu ce, gabas da yamma, Hanofa na tsakani, kamar gonar maƙwabci da ta raba maka gonakinka biyu. Ko mai ido goma ne ke sarauta a nan, Bismak, firaministan Furusiya, na nan yana lissafi. Abin da Joj ya ƙara shi ne taurin kai. A Yunin 1866, da yaƙi ya taso tsakanin Furusiya da Ostiriya, Balin ta aiko masa da wa'adi: ya bi bayanta a bar masa sarautarsa. Ya ce shi ba ya zama yaron wani sarki.

Ya fita tare da rundunarsa, kimanin soja 19,000, suka nufi kudu don haɗuwa da dakarun masarautar Bafariya da ke bayan Ostiriya. Ranar 27 ga Yuni aka gwabza da sojojin Furusiya a garin Langensalza, kuma abin mamaki Hanofa ce ta yi nasara. Nasarar ba ta yi kwana uku ba. Harsashi da abinci suka yi ƙasa, ƙarin sojojin Furusiya suka yi musu zobe, ranar 29 suka miƙa wuya. A Satumba aka mai da Hanofa lardin Furusiya.

Joj ya yi hijira zuwa Ostiriya, bai taɓa amincewa ya sauka ba. Har runduna ya ajiye a Faransa da kuɗin aljihunsa, yana jiran ranar komawa. Wannan ta bai wa Bismak hujjar riƙe dukiyar Joj a 1868, miliyan 16 na tala, kuɗin Furusiya na lokacin, ya riƙa amfani da ribarta a asirce wajen sayen bakin 'yan jarida. Har Sarki Ludwig na Biyu na Bafariya ya ci daga ciki.

Ta fuskar iyali kuwa, gidansa lafiya lau. Ya auri Mari ta gidan Saxe-Altenburg a 1843, suka haifi namiji ɗaya, Ernest Augustus, da mata biyu, Frederica da Mari. Ya gina wa matar fadar Marienburg a matsayin kyautar ranar haihuwarta, ta ɗan zauna ciki kafin ta bi shi gudun hijira a 1867. Ya rasu a Faris ranar 12 ga Yunin 1878, aka binne shi a Windsor, cikin danginsa na Ingila.

Gabar da ke tsakanin gidansa da na Furusiya ta daɗe. Sai a 1913 jikansa ya auri Biktoriya Luise, 'yar Sarki Wilhelm na Biyu na Furusiya da Jamus, aka ba angon sarautar Brunswick, wata ƙaramar masarauta a Jamus. Hanofa dai ba a mayar musu ba, ita ma Brunswick ɗin shekara biyar ya yi a kai juyin 1918 ya share sarautun Jamus gaba ɗaya.

Na ga hannaye a sama. Bari mu fara da malamar da ke layin gaba.