Ciwon gawut: me ya sa barin nama kaɗai ba ya isa?

[Hoto: babban yatsan ƙafa, ya kumbura yana ƙyalli]

Mai wannan ƙafar lafiya lau ya kwanta. Kafin asuba zogi ya tashe shi a gindin babban yatsa. Wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, ko mayafi ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Gawut ke nan, wani nau'in amosanin gaɓɓai. Yakan kama idon sawu ko gwiwa ma. Ya fi addabar maza, mata kuwa galibi sai bayan sun daina al'ada.

Akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp: wai ka bar nama da wake, ka rabu da ciwon har abada. Jama'a, a nan ake yin kuskure.

[Zane: jini yana bi ta ƙoda]

Abin da ke kawo ciwon shi ne yurik asid. Yana fitowa ne idan jiki ya farfasa wani sinadari da ake kira fiyurin. Ku saurara da kyau: kusan kashi biyu cikin uku na wannan asid jikinka ne ke samar da shi da kansa, daga ƙwayoyin halittar da suka tsufa suka mutu. Abinci ragowar yake kawowa. Aikin ƙoda ne ta fitar da mafi yawansa ta fitsari, kuma a cikin masu gawut 10, kusan 9 matsalarsu ita ce ƙodar ba ta fitar da shi yadda ya kamata. Sau da yawa gado ne. Shi ya sa mutum biyu za su ci tsire a faranti ɗaya, ɗaya ya kwana yana kuka, ɗayan ko a jikinsa.

[Hoto: ana zuba sukari a shayi har ya kwanta a ƙasa]

Idan asid ɗin ya haura 6.8 a ma'aunin jini, ba ya ƙara narkewa, kamar sukarin nan. Sai ya daskare ya zama 'yan allurai cikin gaɓa, musamman inda ya fi sanyi, wato yatsan ƙafa. Zogin kan lafa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, amma alluran suna nan. Sai mutum ya ce jiƙon da ya sha ne ya warkar da shi. Shekaru na tafiya, ƙulluttai su fito a yatsu da gefen kunne, gaɓa ta lalace, wani har da tsakuwar ƙoda. Wannan ne ya fi damuna, domin ciwo ne mai magani.

Kiyaye abinci, komai ƙoƙarinka, yakan rage asid ɗin da kusan maki 1 ne kacal. Wanda nasa ya kai 9, ina zai kai shi? Likitoci suna so ya sauka ƙasa da 6 kafin alluran su narke. Don haka wanda ciwon ke yawan dawo masa yakan buƙaci magani irin allopurinol, kullum, ko ba ya jin komai. A watannin farko zogin na iya tashi. Kar a daina, a koma wurin likita.

[Hotuna da sauri: kasuwa, mai nama, mai nono]

Abinci yana da nasa tasirin wajen tayar da zogi. A rage hanta, ƙoda, kayan ciki, jan nama, sardin da lemon kwalba mai zaƙi. Giya a bar ta. Wake da alayyafo kuwa ba su da laifi, ku ci ƙosanku da alalarku hankali kwance. Nonon da aka cire wa mai yana taimakawa. A sha ruwa sosai, balle lokacin bazara da tsakanin buɗa-baki da sahur. Mai ƙiba ya rage a hankali.

Masu hawan jini, wasu magungunan sa fitsari suna ƙara asid ɗin, ku faɗa wa likitanku, kar ku sauya da kanku. Yawan haɗiyar maganin kashe zogi irin diclofenac daga kemis kuma yana cutar da ƙodar da ita ce ke da rauni tun farko.

Gwajin jini ya fi inganci kamar mako biyu bayan zogi ya lafa, don lokacin tashinsa asid ɗin kan nuna kamar daidai yake. Amma idan kumburin ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi, a je asibiti a ranar, domin wataƙila ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar.