Me ya sa mota mai koɗaɗɗen fenti ta fi mai ƙyalli daraja?

Tun da bidiyon taron masu sha'awar tsofaffin motoci ya fara yawo, tambaya ɗaya ake ta turo mana: yaya aka yi masana suka wuce motocin da ke ta sheƙi, suka yi cirko-cirko a kan wadda fentinta ya koɗe? Wasu har cewa suke son kai ne. To, ku biyo ni mu zaga filin.

Ga layin farko. Volkswagen Beetle ce, injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. An ƙera sama da miliyan 21 kafin a daina a Meziko a 2003. Kusa da ita Ford Mustang, wadda ta fara fitowa a 1964. Can kuma Peugeot 504, gwarzuwar motar Turai ta 1969. Ƙungiyar FIVA ta duniya, mai kula da harkar tsofaffin motoci, tana lissafa mota a cikin na tarihi idan ta kai shekara 30, don haka dukansu sun cancanta. Ku saurari ƙarar wannan salansa tukuna, ni dai ba na gajiya da ita.

Yanzu ku tsaya nan. Mustang biyu, shekararsu ɗaya. Ta hagu an sa mata sabon inji, birkin zamani, na'urar sanyaya ciki, manyan wili, fenti ya sha gyara. Ta dama kuwa, ku dubi rufinta, rana ta ci launin. Kujerar direba ta tsattsage, sitiyarin ya yi santsi daidai inda hannu ke riƙewa.

Ku lura da abin da wannan dattijon yake yi. Bai ko kalli fenti ba. Ya sa an buɗe bonet, ya kunna tocila, ya sunkuya yana neman lamba. Yawancin masana'antu suna buga lamba a jikin inji, wata a shasi, wata a giyabos, kuma akwai takardun da ke nuna injin da aka haɗa da kowace mota ranar da ta fito. Idan lambobin suka dace, wannan injin ne aka haife ta da shi. Idan ba su dace ba, an taɓa sauya shi, ko da irinsa aka kawo sak. Kafin 1981 ma babu tsarin nan na bai ɗaya mai haruffa da lambobi 17, kowane kamfani da nasa salon, shi ya sa sai wanda ya san motar ciki da waje ke iya karanta su.

Sai fenti. Ƙaramar na'urar da ya ɗora a ƙofa kaurin fenti take aunawa. Na masana'anta siriri ne, kusan daidai ko'ina. Inda awon ya yi tsalle, an cike wata lotsawa ko an rufe tsatsa a ƙarƙashi. Kowa mai kuɗi zai iya sa a fesa wa motarsa sabon fenti gobe, amma wanda aka fesa mata a 1965 in an kankare shi ya tafi ke nan, ba bakaniken da zai dawo da shi.

Har a manyan gasa haka abin ya koma. A 2024, a Pebble Beach ta Kalifoniya, Bugatti Type 59 ta 1934 ce ta lashe babbar kyauta da tabonta da komai, karo na farko da motar da ba a sabunta ba ta yi hakan.

Wannan motar da ke tsalle da famfon haidurolik kuwa, al'adar Amurkawa 'yan asalin Meziko ce a Los Angeles, ma'auninta daban, gwanintar hannu ake dubawa. Kai, ku kalli zanen bonet ɗin nan!

A ganina Mustang ɗin nan ta hagu ba ta yi laifin komai ba. In tafiya mai nisa za a yi, ita zan hau, don birkinta zai kama. Roƙona ga duk mai shirin yin irin wannan gyara ɗaya ne: injin da ka cire, ka shafa masa mai, ka lulluɓe shi, ka ajiye a gareji tare da takardunsa, kar ka sayar wa 'yan gwangwan.