Kowane Daji Da Irin Tiyatarsa: Laccar Da Aka Yi A Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Iyayena mata na can baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan faɗa kan ciwon dajin da ke kama ƙasan mara. Likita ba ya ɗaukar wuƙa sai ya san halin ciwon da yadda yake tafiya a jiki, shi ya sa muke fara gutsuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji.

Na farko, bakin mahaifa. Wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ke jawo shi, nau'inta na 16 da 18 su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan dajin. Ta gefe yake ci, in an same shi da wuri ana cire mahaifa har da naman da ke riƙe da ita da kaluluwar wurin, aikin da wani likita mai suna Wertheim ya fara yi a birnin Biyana a 1898. In ya wuce nan sai a gasa dajin da na'ura a haɗa da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, mu tura Sakkwato. Dajin ƙwan mace kuma warwatsuwa yake a ciki kamar an watsa irin shinkafa a fadama, sai a bi a kwashe duk abin da ido ya gani.

Amma mafitsara, ku ba ni lokaci nan, don namu ne. Yaro ya yi wanka a gulbi, a Argungu ko Yawuri, ya fara fitsarin jini, a ce ai balaga ce. Wallahi ba balaga ba ce, tsargiya ce, tsargiya! Ƙwan tsutsa ne ke maƙale a bangon mafitsara shekara da shekaru yana ta gurza ta har daji ya fito, kuma wannan dajin daban yake da na masu shan taba, ba ya jin kemo sosai, cikin bango yake kutsawa, sau da yawa sai an cire mafitsarar gaba ɗaya mutum ya koma fitsari ta jaka, alhali da an ba shi maganin tsargiya, Praziquantel, tun yana yaro, da ya kashe tsutsar. Malaman makaranta, don Allah ku riƙe wannan.

Na uku... na'am Baba? Wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu? Na gode, Baba. Abin da kuka gani shi ne an kawo mutum ciwo ya riga ya bazu, aka buɗe, ya rasu, sai aka ɗora wa wuƙa. Mu da lafiyayyen nama muke zagaye ƙarin mu ciro shi ɗungurungum ba tare da an fasa shi ba. Zaman wata shida a gida ana shafe-shafe shi ke hana mu iya hakan. Akwai wata tambayar?